Wata uku ina zuba baƙin mai, ashe ɗan bawul ne ya toshe

Raina a ɓace yake, kuma ba zan haɗiye wannan maganar ba. Tsohuwar Corolla gare ni, ƙirar 1997. Da ita nake kai yara makaranta daga Rijiyar Zaki, da ita nake neman na cefane. Tun bayan babbar sallah ta soma shan baƙin mai kamar a rairayi ake zuba shi. Duk inda ta kwana sai ta bar baƙin tabo a ƙasa, in na tsaya a danjar Kabuga kuwa ƙaurin mai ya cika motar har yara su toshe hanci.

Na kai ta gareji. Wallahi makaniken ko gama ɗaga bonet bai yi ba ya ce, "Alhaji, ring ne ya tafi, sai an sauke inji." Bai kunce komai ba, bai auna komai ba. Na yarda, don sana'arsa ce. Naira 95,000 suka tashi tsakanin kaya da kuɗin aiki, kwana tara ina bin Adaidaita Sahu da yara uku a cikin rana. Sati biyu da karɓo mota tabon ya dawo. Ya ce oyil sil ne, aka canza. Ya ce gaskit ɗin sama ne, aka canza. Da ya ga na sake dawowa sai ya karkace hula ya ce, "Alhaji, injin nan ya gaji, ka nemi na Beljiyam kawai." Ina zan samo kuɗin inji a wannan tsadar, bayan kai ka kwashe ɗan abin da na tara?

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani dattijo da ke gyara a gindin darbejiya ta wajen Gadon Ƙaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe gidan iya kilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, ya shafo da yatsa, ya nuna mini mai a jiki. Ya kai hannu kan murfin saman inji, ya zaro wani ɗan abu da bai wuce babban yatsa ba, yana maƙale da tiyo. Ya kawo shi daidai kunnena ya girgiza.

"Ka ji wani abu?"

"A'a, Baba."

"To shi ne ciwon. Mai lafiya ƙara yake, kacau-kacau."

Bawul ɗin PCV ke nan, numfashin inji. Baba ya yi mini bayani dalla-dalla. Duk inji, musamman wanda ya kwana biyu, hayaƙi kan sulale ta gefen ring, wato zoben da ke jikin fistin, ya gangara ƙasa inda mai yake. Aikin wannan bawul shi ne ya bi da hayaƙin ta tiyo zuwa manifol, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, inji ya sake ƙona shi. In dauɗar mai ta daskare ta toshe shi, iskar ba ta da mafita, sai ta matsa ta tura mai ta kowace kafa: ta sil, ta gaskit, har cikin iya kilina. Wato duk sabon sil ɗin da na saya, iskar nan ce take ɓalle shi. Ya tayar da mota tana silo, ya sa na ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Ya kamata in ji yana zuƙa. Ko alama babu. Tiyon ya bushe ya tsage, robar da bawul ɗin ke zama a ciki kuwa sai da ya tsince ta gutsure-gutsure da filaya, yana kaffa-kaffa kada ɓarɓashi ya faɗa cikin inji.

Muka tafi Ƙofar Ruwa da yaronsa. Bawul, roba da tiyo gaba ɗaya naira 7,500. Ɗaurawar ba ta kai minti ashirin ba. Yau sati biyar ke nan, ina duba gejin mai kowace safiya, bai motsa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne gwajin nan kyauta ne. Girgizawa ce kawai da ɗora yatsa! Mutumin da ya shekara da shekaru yana buɗe inji, yaya za a ce bai san da shi ba? In bai sani ba, da wane dalili yake karɓar motocin mutane? In kuwa ya sani ya tsallake don aikin ring ya fi tsoka, to wannan zalunci ne, kuma haƙƙina yana wuyansa.

Na koma garejin farko da tsohon bawul ɗin a leda, na ajiye wa makaniken a kan benci gaban yaransa. Ya juya shi, ya ce, "Ai dama ring ɗin ma ya kusa." Na ce to ya fito mini da tsohon ring ɗin da ya cire in gani. Ya ce 'yan gwangwan sun kwashe. Jibi zan kai takardar ƙorafi wurin shugabannin ƙungiyarsu, da bawul ɗin da rasit uku na kayan da ya sa na saya.