Ƙannena na Yamai, ku san kuɗin awa guda ta aikinku

Assalamu alaikum. Abin da ke ci mini rai game da ku shi ne, idan aka kira ku aiki tambaya ɗaya kuke yi: nawa ne a wata? Da an ce jika 75 sai a washe baki a tafi. Ba wanda ke tambayar ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, alhali nan ne cutar take ɓuya.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a sati. Ka ninka 40 sau sati 52, ka raba gida 12, za ka samu awa 173 da ɗan ɗoriya a wata. Da wannan adadi ake auna albashi. Mafi ƙarancin albashi, wato SMIG, da aka yanke a 2012, sefa 30,047 ne a wancan lokacin, kusan sefa 173 ke nan a kowace awa.

To ɗauki waya ka buga lissafi. A ce wani yana karɓar jika 60, awa 8 a yini, kwana biyar a sati. Awarsa ta kama sefa 346. Wani kuma jika 75 ake ba shi, amma tun bakwai na safe yana tsaye har bakwai na yamma, kwana shida. Awa 72 ke nan a sati, 312 a wata, awarsa sefa 240 kacal. In kuma daga Talladje yake zuwa Katako, yana kashe a ce sefa 500 kullum a mota, jika 13 sun tafi cikin kwana 26, awar ta faɗo ƙasa da sefa 200. A fada shi ake kira mai babban albashi, wallahi kuwa shi ne ya sayar da ƙarfinsa da araha, ga shi ba sauran lokacin koyon wata sana'a.

Duk awar da ta haura ta doka, kuɗinta daban ne, kuma ya fi na awar yau da kullum, na dare da na ranar hutu sun fi tsada. "Ɗan tsaya mu ƙarasa" sau uku a sati ba alfarma ba ce, aiki ne.

Masu aikin jinga, ku naku awon daban ne. Idan ana biyanka kan kowane bulo da ka buga, yinin da siminti bai zo ba ko ruwa ya ɗauke, zaman banza ka yi. Ku yi magana tun kafin a kwaɓa ƙasa: wa zai ɗauki asarar bulon da ya fashe, yaushe ake ƙirga, a jiƙe ko bayan ya bushe? A yi ta gaban shaida. Kunyar tambaya ita ke haifar da rigimar yamma.

Wanda ke da takardar albashi kuma ya karanta ta. Akwai kuɗin da aka rubuta a sama, akwai wanda ke shiga hannu bayan an cire haraji da kason CNSS, wato asusun da ke tallafa wa ma'aikaci ranar hatsari ko tsufa. Ka tabbatar kana da lambarka a CNSS, don akan cire wa mutum kuɗi shekaru ba a zuba ba, sai ranar hatsari ko tsufa asiri ya tonu.

Iyayen gida, ku ma ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma awar da aka danne tana cikin wannan lada.

Kai kuma ƙanena, sayi ƙaramin littafi. Kullum ka rubuta kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi, da duk abin da ka karɓa ko da bashin tsakiyar wata ne. In saɓani ya taso, fara zama da maigida cikin ladabi ka buɗe masa shafin. In ya ƙi, ka ɗauki littafin da takardar yarjejeniya ka tafi ofishin sufeton aiki, can ne ake fara neman sulhu kafin magana ta kai kotu.