Yadda Na Yi Wata Biyu Ina Neman Wanda Ya Kashe Mini Murjani

Tankin dai na gilashi ne da nake kiwon kifaye da murjani mai rai a cikinsa, a ruwan gishiri irin na teku, mai cin lita 300, wanda ya shekara huɗu a falo bai taɓa ba ni kunya ba, har ta kai duk baƙon da ya shigo sai na tsayar da shi a gabansa na yi masa bayanin da bai nema ba. To, a cikin 'yan makonni murjanin da ke ciki ya fara mutuwa. Reshen Acropora, wani nau'in murjani mai rassa, wanda na fi alfahari da shi ne ya buɗe fage, naman jikinsa yana saɓulewa daga gindi zuwa sama yana barin farin ƙashi, sauran kuma suka daina buɗewa, wasu launinsu ya koɗe domin sun kori ƙananan gansakukan da ke zaune a jikinsu, waɗanda su ne ke samar musu da mafi yawan abinci daga hasken fitila. Kifayen kuwa suna ta yawonsu lafiya lau, kamar ba a gidansu ake makoki ba.

Na auna duk abin da ake aunawa. Zafin ruwa yana kan digiri 25, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, yana kusa da 9 yadda ake so, naitiret da fosfet da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci ba su yi yawa ba kuma ba su ƙare ƙaf ba, ruwan da nake tacewa ya nuna sifili a ma'aunin datti, gishiri kuwa 35 cif a cikin dubu, wato daidai da ruwan teku. Kalsiyam ne kawai ya hau zuwa 480, maganisiyam kuma ya kusa 1500, alhali ban ƙara ko ɗigo ɗaya a kan abin da na saba zubawa ba, amma na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa hannuna yana da albarka. Na ciro hita, wato na'urar ɗumama ruwa, na duba ko ta tsage tana sakin wuta a ruwa, na kwance famfunan na duba maganaɗisun da ke cikinsu ko ya kumbura da tsatsa, na bi bututu ɗaya bayan ɗaya ina neman jan ƙarfe, domin kaɗan daga cikinsa ya isa ya halaka murjani. Ban samu komai ba, sai na yanke hukuncin cewa tunda kayan aikina ba su da laifi, lalle mutanen gidana ne suke da shi.

Na tara iyali na kafa doka. Na hana fesa maganin ƙwari da turare a falo, na hana kowa kusantar tankin da man shafawa a hannunsa, na kuma yi wa matata bayani na kusan rabin sa'a a kan yadda abin da aka fesa a iska yake sauka a saman ruwa. Daga nan na juya kan ƙaninta, wanda ya ciyar da kifayen kwana uku lokacin da na yi tafiya, na tuhume shi da zuba abinci fiye da kima. Yaron ya ce, "Yaya, ban wuce abin da ka auna mini ba," ni kuwa na amsa masa da cewa murjani ba ya ƙarya, maganar da a lokacin na ji ta yi mini daɗi a baki ƙwarai. Sannan na shiga canjin ruwa ba ƙaƙƙautawa, daga kashi 10 cikin ɗari a mako na koma kashi 30 sau biyu a mako, na ƙara gawayin tace ruwa, kuma duk sanda na canja ruwan sai mutuwar ta ƙara sauri.

Dole in tsaya a nan in yi maganar maƙwabcina, wanda tun ranar da na kafa tankin bai yarda cewa murjani dabba ce mai rai ba. Da ya ji labarin abin da ke faruwa, ya shigo ya tsaya hannayensa a baya, ya daɗe yana kallon farin reshen, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko dutse ma yana mutuwa. Na yi masa bayanin cewa ƙananan halittu ne masu baki da hannuwa suke gina wannan ƙashi da kalsiyam ɗin da suke ja daga ruwa, ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya kuma ce a ganinsa farin ya fi kyau, domin ya fi haska ɗakin. Bayan kwana biyu ya dawo ya tambaya ko zan ba shi wanda ya mutu ya ɗora a kan tebur. Har yau ban yafe masa wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yana nan a zaune ranar da asirina ya tonu, ba tare da kowa ya gayyace shi ba.

Ranar ita ce ranar da na kira Injiniya, wanda ya riga ni shiga wannan harka da shekaru masu yawa. Ya zauna ya karanta littafin da nake rubuta awo a ciki shafi bayan shafi, ya tsaya a kan kalsiyam da maganisiyam, ya ɗago ya tambaye ni yaushe rabona da daidaita na'urar auna gishirina. Na ce masa na'urar tawa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Bai ce komai ba, sai ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, mai ɗauke da ruwan gwaji wanda aka san gishirinsa 35 ne daidai, ya ɗiga ɗigo uku a kan gilashin na'urata, ya rufe murfin, ya ɗan jira zafinsu ya daidaita, ya kara a idonsa, sannan ya miƙo mini ba tare da ya canja fuska ba.

Na kara a idona, na ga layin da ya raba shuɗi da fari yana zaune a kan 30. Na ce hasken ɗakin ne bai isa ba, na tafi bakin taga, layin yana nan a kan 30. Na goge gilashin da gefen rigata, na sake ɗigawa da hannuna, na rufe ido ɗaya, na canja na rufe ɗayan, na juya wurin da ake gyara gani har ya ƙure, layin bai motsa ba. Sai na ce wataƙila ruwan gwajin nasa ne ya lalace, domin irin waɗannan kwalabe idan aka bar su a buɗe sukan canja. Injiniya ya ce, "Haka ne, yana yiwuwa," ya ciro tasa na'urar, ya ɗiga ruwan kwalbar, ta nuna 35, ya ɗebo ruwan tankina ya ɗiga, ta nuna 40. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar famfo.

Abin da ya biyo baya shi ne nake ta maimaitawa a raina idan na kwanta. Ƙanin matata, wanda ya yi makonni yana ratsa falon a raɓe kamar mai laifi, ya matso ya ce, "Yaya, ko zan iya gani?" Na miƙa masa, domin ba ni da dalilin hanawa. Ya duba tawa, ya duba ta Injiniya, ya sake duba tawa, ya karanta lambobin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo, sannan ya miƙa wa yayarsa. Ita ma ta duba a tsanake, ta juya na'urar a hannunta, ta nuna wani ɗan lotsi a gefenta ta ce, "Maigida, ba wannan ce ta suɓuce maka ta faɗi ƙasa ba, ka ce mini ƙarfe ne, ba ya jin faɗuwa?" Na ce ban tuna ba. Ta ce ita ta tuna, domin ita ce ta ɗauko mini ita daga ƙarƙashin kujera, kuma wajen wata biyu ke nan. A wannan lokacin ne maƙwabcina ya nemi a ba shi shi ma ya leƙa, ya riƙe ta a juye, ya ce shi bai ga komai ba amma ya yarda.

Injiniya ya yi bayanin a hankali, wanda hakan ya fi zafi fiye da a ce ya yi dariya. Tunda na'urar tana rage biyar, duk ruwan da na haɗa har ta nuna mini 35, a haƙiƙa 40 ne, saboda haka kowane canjin ruwa yana ƙara tura tankin sama, kuma da na ninka canjin don ceto murjanin, sai na ninka saurin kashe shi, garin neman gira na rasa ido. Kalsiyam da maganisiyam da nake taƙama da su sun hau ne kawai domin suna cikin gishirin da nake ta zubawa. Kifaye sun jure domin jikinsu yana iya daidaita gishirin da ke shigarsa, murjani kuwa ba shi da wannan ƙarfin. Ya ɗauki ƙaramin sukudireba ya juya ɗan kusan da ke saman na'urar har layin ya hau 35, aikin da bai kai minti ɗaya ba, ya kuma gargaɗe ni kada in sauke gishirin gaba ɗaya, sai dai in riƙa ɗebe ruwan tanki kaɗan ina maye gurbinsa da tataccen ruwa, ina rage kamar ɗaya a cikin dubu kowace rana.

Na bi shawararsa, cikin mako guda gishirin ya dawo daidai, yawancin murjanin ya sake buɗewa, amma Acropora ya riga ya tafi. Dokar hana fesa turare kuwa ban janye ta a fili ba, na dai daina ambatonta, matata ma ba ta tambaya ba, ta ci gaba da fesawa ne kawai. Na yi niyyar ba ƙaninta haƙuri, har na shirya kalmomin, amma duk sanda ya shigo gidan, kafin in buɗe baki sai ya gaishe ni ya ce, "Yaya, gishiri nawa ne yau?" sai in ji niyyar ta gudu. Farin reshen yana nan a cikin bokiti a bayan ƙofa, kuma jiya ma maƙwabcina ya sake tambayar sa.