Allunan Roma sun sauka, rufin tarihi ne ya daɗe

A watan Janairun 2016, da shugaban Iran na lokacin, Hassan Rouhani, ya kai ziyara Roma, sai aka kewaye mutum-mutumin tsiraici na gidan tarihin Capitoline da fararen alluna don kada idon baƙo ya faɗa kansu. Jaridun Italiya suka yi ca a kan gwamnati. Ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Karrama baƙo ce, kuma yana tafiya aka kwashe allunan. Rufin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda Turawa da kansu suka yi wa tarihin masu sassaƙa da masu yabon wannan sassaƙa.

A 1532 Michelangelo, shahararren mai sassaƙa ɗan Italiya, ya haɗu da Tommaso dei Cavalieri, ɗan babban gida a Roma, ya riƙa rubuta masa waƙoƙin ƙauna. Da jikan ɗan'uwan Michelangelo ya tashi buga waƙoƙin a 1623, sai ya bi su yana mayar da "shi" zuwa "ita". Sai a 1863 aka koma ga ainihin rubutun hannunsa. Shekara 240 ke nan ana karanta maganar da mutumin bai yi ba. Masana na nan suna muhawara kan ko wace irin ƙauna ce wannan, kuma da gyararren rubutu ba za a ma iya muhawarar ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Johann Winckelmann, ɗan mai gyaran takalma daga Jamus, wanda ya isa Roma a 1755 ya zama uban nazarin tarihin sassaƙa a Turai. Wasiƙunsa sun nuna zuciyarsa na wajen maza, kuma da wannan idon ya dubi dutse. Akwai wani guntun mutum-mutumi a Vatican da ake kira Belvedere Torso: ba kai, ba hannuwa, ƙafafu sun gutsure daga gwiwa, sai gangar jikin ƙaƙƙarfan namiji a zaune, ya ɗan karkata. Winckelmann ya tsaya kan wannan guntu yana kwatanta tashin tsokokinsa da igiyar teku. Duk wanda ya karanta ya san mai sha'awa ne ke magana, kuma sha'awar ce ta sa ya ga abin da wasu suka wuce. Makarantun zane suka ɗauki ma'auninsa na kyau suka koyar, suka yi shiru kan inda ya samo asali.

Ba dole ne mai karatu ya yarda da wannan ɗabi'a ba kafin ya yarda ta faru. Addininmu da tarbiyyarmu na da matsayinsu, amma ƙin abu bai ba kowa izinin goge shi daga takarda ba.

Sai dai masu mayar da kowane tsiraicin Girka shaidar sha'awa su ma suna kwana da gaskiya rabi. 'Yan wasan Girka tsirara suke gudu da kokawa, su shafa man zaitun, su kankare shi da lanƙwasasshen ƙarfe bayan wasa. Polykleitos, mai sassaƙa ɗan Girka da ya sassaƙa mutum-mutumin wani mai riƙe da mashi wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa, lissafin daidaiton gaɓoɓi ya dame shi: nauyi kan ƙafar dama, ta hagu a sake, ƙugu ya ɗan karkace.

Haka labarin Antinous, saurayin da sarkin Rum Hadrian ya so. Ya nutse a kogin Nilu a shekarar 130 bayan haihuwar Annabi Isa, bai cika 20 ba. Sarkin ya gina birni da sunansa a Masar, ya sa aka baza siffarsa a daular Rum, gashi a nannaɗe, kai a sunkuye. Ana yawan kiran wannan soyayya, a manta cewa ɗayansu ne ke mulkin daular baki ɗaya, ɗayan kuwa yaro ne daga Bithynia, a Turkiyya ta yau, wanda ko kalma ɗaya tasa ba ta iso gare mu ba.