Buɗe ƙofar jami'a kaɗai bai wadatar ba

Ba kowa ne ke shiga jami'a yana ɗan shekara 18 da sakamakon sakandare mai kyau a hannu ba. Akwai wanda neman abin kai wa baka ya fitar da shi daga aji, akwai matar da aure da raino suka tsayar, akwai makanikin da ya san injin ciki da bai amma ba shi da takarda.

An daɗe da sanin haka. A 1942 aka fito da jarrabawar GED a Amurka, wadda ke tsayawa a madadin shaidar kammala sakandare, saboda sojojin da yaƙi ya raba da makaranta. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ba ta neman sakamakon sakandare a yawancin kwasa-kwasanta na digirin farko. A Faransa kuwa, tun 2002 doka ta ba mutum damar neman a auna gwanintar da ya samu a wurin aiki, a ba shi shaida, har ma digiri.

Masu suka na kiran wannan shiga ta bayan gida, wai yana zubar da darajar digiri. Ban yarda ba. Idan jarrabawa ɗaya kowa zai zauna kafin ya fita, darajar na nan daram. Kuma duk malamin da ya taɓa koyar da magidanci ya san ba ya zuwa aji don wasa, domin ya san abin da ya bari ya zo.

Damuwata a cikin jami'ar take. Sai a ɗauki ma'aikaci, a sa masa lacca da ƙarfe goma na safe, ofishin rajista kuma ya rufe kafin ya tashi daga aiki. Wanda ya shigo aji biyu da difloma yana zaune malami zai ce "kamar yadda muka yi bara", kowa ya gyaɗa kai, shi kuwa ya sunkuya yana ta rubutu. Kunyar tambaya a gaban sa'o'in ƙannensa ta hana shi ɗaga hannu. Haka zango zai ƙare ba wanda ya lura ya ɓace.

Ga kuma asarar karatun da aka riga aka yi. Rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin 100 na darussan da suka ci, domin sabuwar makarantar ba ta karɓe su ba. An ba su da hannun dama, an karɓe da na hagu, ga kuɗi da shekaru sun tafi.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. A faɗa wa mutum a rubuce, tun kafin ya biya kuɗi, waɗanne darussansa za a karɓa. A shirya masa darasin share fage kan rubutun ilimi da lissafi, da yamma ko ta intanet. Sannan duk jami'ar da ke tallar yawan waɗanda ta ɗauka ta wannan hanya, a tilasta mata ta riƙa bayyana nawa ne a cikinsu suka kammala.