Aikin Uba Bai Ƙare A Ragon Suna Ba

Assalamu alaikum. Wannan nasiha ce gare mu, mu matasan magidanta da Allah Ya azurta da haihuwa a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda suke kan ɗan fari ko na biyu. Duk wanda ya san garin Kaduna ya san irin ɗawainiyar da maigida yake sha daga ranar da aka ce masa an sauka lafiya zuwa ranar bakwai. Yau yana Zangon Tudun Wada yana cinikin rago, gobe yana Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana haɗa kayan fitar suna, jibi yana neman rumfa da kujeru, wani ma har bashi yake ci don kada a ce ya gaza. Amma da zarar an watse, sai ka tarar yawancinmu mun ɗauka mun sauke nauyi, abin da ya rage shi ne a ajiye kuɗin cefane da safe a kama gaba. Tambayi irin wannan maigidan yaushe za a mayar da jaririnsa allurar rigakafi, ko me yaron ya ci jiya, sai ya ce maka wannan ai sha'anin mata ne.

Ba sha'anin mata ba ne kaɗai. A aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, inda Allah Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, a nan take Ya ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa, kuma Ya ce ko yaye za a yi, sai da yardar juna da shawara tsakanin iyayen biyu. To, wanda bai san halin da ake ciki ba, da me zai ba da shawara? Bayan haka, mu dubi yadda gidajenmu suke. Matarka ba ta fita sai da izininka, kuɗin keke napep zuwa asibiti daga aljihunka zai fito, kuma idan mahaifiyarka ko gwaggonka ta ce ga yadda za a yi wa jariri, yarinya 'yar shekara ashirin ba ta da bakin musa wa surukarta. Ke nan duk abin da malamar asibiti ta koya mata a wurin awo, idan babu kai a bayanta, a ƙofar gida yake tsayawa.

Mu fara da maganar ruwa, domin ita ce ta fi haddasa saɓani a gidaje. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ma'aikatan lafiyarmu suke maimaitawa kullum, ita ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa, a bar shi ya sha dakashin nan mai kauri da wasu suke matsewa su zubar wai don gurɓatacce ne, alhali shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka, sannan a ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma. Idan zafin watan Maris da Afrilu ya tsananta, babu makawa sai wata dattijuwa ta ce za ku kashe mata jika da ƙishirwa. Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma ya kamata a amsa mata da ladabi da hujja. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri kuwa ɗan mitsitsi ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, idan kuma tsotso ya ragu, nonon ma raguwa yake yi. Sannan ruwan da ake ɗura masa, daga rijiya ne ko daga jarkar mai garuwa, wanda cikin babba yake iya ɗauka amma na jariri ba ya iyawa. Wannan bayani ba matarka ce za ta yi wa mahaifiyarka ba, kai ne za ka durƙusa ka ce, "Hajiya, don Allah a yi mana haƙuri da ruwan nan zuwa wata shida, ni na roƙa, ba ita ba." Idan abin ya ci tura, ka roƙe ta ta raka su asibiti ranar awon yara ta ji da kunnenta, domin dattijai sun fi karɓar magana idan an girmama su an sa su a ciki. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata 6 saboda wannan shayarwa. Idan hukuma ta iya haƙura da aikin mace na rabin shekara, bai kamata maigida ya kasa haƙura da jinkirin tuwon dare ba.

Mai jego ma tana buƙatar ido. Ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa sosai, ta samu mai kama mata aiki. Game da wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a wannan yanki, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Saboda haka idan ka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada ka yarda a ce jego ne, ka kai ta asibiti a ranar.

Cibiyar jariri ba ta bukatar gashi da tsumma mai zafi, balle man goge baki ko toka. Akwai man shafawa na kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti domin cibiya, shi kaɗai ya wadatar. Haka nan cire beli da wanzami yake yi a ranar suna ko kafin ta, jini yake jawowa, kuma ƙarfen da ba a tsabtace ba yana iya sa wa jariri cutar da za ta sandarar da shi har ya kasa kama nono. Idan kuwa idonsa da fatarsa suka yi rawaya a kwanakin farko, shawara ce, kuma tana iya taɓa ƙwaƙwalwa idan aka tsaya jiƙe-jiƙe.

Katin rigakafi kuwa, ina roƙon kowane uba ya karɓe shi ya karanta da kansa. Ana yin allurar farko da haihuwa, sai a koma a mako na 6, da na 10, da na 14, sannan a wata 9 a yi ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara, a sake ta ƙyanda a wata 15. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati, kuma ba sai an je manyan asibitoci irin su Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ba, ƙaramin asibitin unguwa ya isa. Inda aka fi samun matsala shi ne bayan allurar mako shida, lokacin da yaro yakan yi zazzaɓi ya kwana yana kuka, sai maigida ya fusata ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba. Wannan zazzaɓin na kwana ɗaya ne ko biyu, kuma allurar da ta jawo shi ita ce take kare yaro daga tarin shiƙa da mashaƙo, cutar da ta yi ɓarna a jihohin Arewa a 2023, mafi yawa a cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Mu da muka taso muna ganin guragun da shan-inna ta nakasa, mun kuma ga shekarar 2020 da aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya, bai dace a ce mu ne masu ɓoye yara a ɗaki ba.

Sai babbar magana, wato haƙori. A gidajenmu, daga wata shida zuwa shekara biyu, kusan duk ciwon da ya sami yaro sunansa haƙori. Gudawa haƙori, amai haƙori, zazzaɓi mai zafi haƙori, har yaro ya rame idanunsa su faɗa ana cewa a bari ya fito zai warware. Gaskiyar lamari ita ce fitowar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a daidai wannan lokaci yaro yake fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an kuma fara ba shi abinci da ruwa. Maimakon asibiti, sai maigida ya biya ta kemis a hanyarsa ta dawowa, ya ce a haɗa masa maganin haƙori, a ba shi kwalba uku ko huɗu da bai san abin da ke cikinsu ba. Ya kamata mu tuna cewa a ƙarshen 2008 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar yara ya kashe fiye da 80 a ƙasar nan, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka kwantar da su. Abin da gudawa take bukata tun daga farko shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake kira ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da ba da nono. Idan kuwa yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko maɗigarsa ta faɗa, ko numfashinsa yana sauri haƙarƙarinsa yana shiga ciki, ko ya yi jijjiga, to ba a jiran gari ya waye, kuma ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Ka ba matarka izini tun yau, ka ajiye mata kuɗin mota a wuri sananne, ka ce mata duk ranar da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta fita kawai ta kira ka a hanya. Da damina kuma a kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a kuma cika kwanakinsa uku.

Bayan wata shida, koko tsararo ba abinci ba ne, cika ciki ne kawai. Ba sai an sayi na gwangwani ba: a yi kunu mai kauri a sa masa garin gyaɗa ko waken soya, a dama masa ƙwai, a murmushe masa kifi, a ba shi faten wake da manja da ɗan zogale, da ayaba ko gwanda. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, domin ɗan shekara ɗaya ba zai iya kokawar kwano da yayyensa ba. Yaye kuma a bi shi a hankali. Al'adar ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, musamman idan an ga uwar ta samu ciki, ita ce take jefa yara da yawa cikin tamowa, saboda an raba shi da nono da uwa a lokaci guda, ga shi bai saba da abinci ba.

Tarbiyya kuwa tana farawa tun kafin yaro ya iya magana. Abin da ya zama ruwan dare yanzu shi ne da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya, uba yana kan tasa, uwa tana kan tata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko na talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Yaro daga bakin mutane yake koyon magana, idan ya yi gwaranci aka amsa masa, ya nuna akuya aka faɗa masa sunanta. Wasunmu kuma kunyar ɗan fari ta hana su ɗaukar ɗansu a gaban mutane. Kunya abu ce mai kyau, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Mu kuma kiyayi harshenmu. "Yi shiru in sayo maka alewa" alhali ba za a sayo ba ƙarya ce, kuma hadisi ya nuna ana rubuta irinta. Tsoratar da yaro da allura shi ne yake sa ya riƙa ihu tun daga ƙofar asibiti. Zagin da kake yi masa yana ɗan shekara biyu kuwa, kai za ka fara jin sa a bakinsa a gaban baƙi. Idan kukan jariri ya kai ka bango da tsakar dare, ka ajiye shi ka fita tsakar gida ka sha iska, amma kada ka jijjiga shi da ƙarfi, domin hakan yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa.

Ranar da yaro ya fara rarrafe, ka zaga gidanka ka duba shi da idon mai rarrafe. Rijiya ta samu murfi mai nauyi, kada a bar ruwa a bokiti ko baho a tsakar gida, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Da hunturu kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, janareta kuma a nisanta shi daga taga. A ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyin manya zuwa inda hannunsa ba ya kaiwa, kuma a daina zuba kalanzir ko fetur a robar lemo, saboda yaro ya san robar, bai san abin da ke cikinta ba. Idan tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne yake kai kalanzir cikin huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da robar da ya sha don ma'aikata su ga ko mene ne.