Ni da Gwaggon amarya da kiɗan sitar

Tunda kowa ya ji labarin dinar nan daga bakin Gwaggo, gara ku ji daga nawa bakin.

Ango ne ya ce amarya tana son ta shigo da kiɗan Indiya mai taushi, zalla, babu waƙa. Wa za a ba aikin in ba ni ba? Na lalubo wani kiɗan sitar, wato molon Indiya, a intanet, na saurari farkonsa, na ji tsirkiya tana kuka a hankali, na tura wa DJ.

Aka rage fitilu. Amarya ta sako ƙafa, ƙawaye na biye. Sitar ta fara, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma ina gefen sifika ina gyara babbar riga, ina jiran yabo. Tana kaiwa tsakiyar fili sai gangunan Turawa suka rufto, jita mai lantarki ta kwarma ihu, ita kanta sitar ɗin ta haukace ta bi su a guje. Amarya ta tsaya cak. Mai riƙe mata jelar riga ba ta tsaya ba, ta yi karo da ita. Wani jariri ya tsala kuka. Kakan ango ya ɗaga kai yana duban rufi, shi a zatonsa janareta ce ta fashe. Yara kuwa abin nema ya samu, suka cika filin suna girgiza kai.

DJ ya kashe, ya nuna ni da yatsa. Da yatsa fa! Shi kuma mai gabatarwa, kun san shi da neman magana, ya miƙo mini makirufo wai "Yallaɓai mai kiɗa zai yi mana bayani."

Na karɓa. Na ce jama'a, kiɗan nan yana da asali. A 1965 George Harrison na ƙungiyar Beatles ta Ingila ya saka sitar a waƙarsu, shekara ta zagayo ya tafi Indiya ya durƙusa gaban gwanin sitar Ravi Shankar yana koyo. A 1966 ƙungiyar Rolling Stones ma suka bi sahu. A 1970 Ananda Shankar, ɗan wan Ravi, ya fitar da faifai a Amurka, ya kaɗa waƙoƙin rok da sitar haɗe da na'urar kiɗa ta lantarki mai suna Moog. Wurin ya yi tsit, na ɗauka ilimi ne yake shiga. Har na gangara kan cewa sitar tana da tsirkiya kusan 20, fiye da rabinsu amsa amo kawai suke yi, kuma cikinta duma ne kamar gurmi.

Nan Gwaggo ta miƙe, ba ta ma nemi makirufo ba.

"Kai ɗan nan, shi Shankar ɗin dangin ango ne ko na amarya?"

Dariyar da aka yi, har masu raba abinci sai da suka ajiye faranti. Na ce "Gwaggo, ai tarihi ne." Ta ce tarihin ya bari 'yarta ta zauna tukuna. Aka sake fashewa. Ango ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, kuma na gan shi.

Gwaggon nan fa, kular tuwon Ummanmu tana gidanta tun Babbar Sallah, kullum gobe. Ita ce ta ce shinkafar sunan bara ba ta dahu ba, alhali da leda biyu ta fita. Kuma duk unguwa babu mai kallon fim ɗin Indiya kamarta. Finafinan shekarun 1970 da take rantsuwa da su, mai tsara kiɗa R.D. Burman cika su ya yi da jita da gangunan Turawa, wato abin da na saka shi take saurara tun kafin a haife ni. Wannan amsar sai da na kwanta da daddare ta zo mini. Na tashi zaune na faɗa wa fanka.

Ango har yau bai biya ni kuɗin data ba. DJ kuwa jiya ya turo saƙo, wai in taimaka in sake tura masa kiɗan, yara suna tambaya a wani biki. Ina nan ina tunani.