Laka a Firiji

(Ɗakin sanyi ne a wata cibiyar bincike. Kantoci cike da dogayen bututai da aka tsaga gida biyu, kowanne shaƙe da laka. Baba mai shara na tsaye da bokiti da tsumma. Farfesa ya faɗo ɗakin, tabarau a goshi.)

FARFESA: Baba! Tsaya! Ajiye tsumman nan!

BABA: Ranka ya daɗe, bakin bututun nan kawai zan ɗan goge. Shekarata talatin ina shara, duk inda na yi aiki fitar da laka ake yi daga ɗaki. Nan ne kaɗai na ga an shigo da ita, an kunna mata firiji, har an raɗa mata suna.

FARFESA: Wannan lakar ta girmi kakan kakanka.

BABA: Kowace laka ta girmi kakana, Farfesa. Ta bakin ƙofa ma ba jiya aka halicce ta ba.

FARFESA: Ta bakin ƙofa an tattake ta, an cakuɗa. Wannan kuwa tun da ta kwanta ba abin da ya motsa ta. Daga ƙasan wani tafki aka ciro ta, can ƙuryar arewa maso gabashin Siberiya, a ƙasar Rasha. Elgigitgin.

BABA: Sannu. Dama na ce sanyin ɗakin nan sai ya sa maka mura.

FARFESA: Ba atishawa na yi ba, sunan tafkin ke nan! Shekaru miliyan 3.6 da suka wuce wani dutse ya faɗo daga sama ya haƙa rami, ruwa ya cika shi. Faɗin tafkin kusan kilomita 12, zurfinsa kimanin mita 170. Tun daga lokacin ƙura da yashi da duk abin da ya mutu a ciki ke sauka ƙasa, na bana a kan na bara, na bara a kan na bara waccan. Sa'ar da aka yi kuma, manyan ƙanƙarar da suka kankare ƙasashen arewa ba su taɓa bi ta kansa ba.

BABA: Wato wurin da mai shara bai taɓa zuwa ba.

FARFESA: Albarkarsa ke nan.

BABA: Na ji habaicin. To wa ya yi nutso ya ɗebo?

FARFESA: Ba nutso ake ba. A 2009 masana daga Amurka da Jamus da Rasha da Ostiriya suka kafa injin haƙa a kan ƙanƙarar da ta rufe tafkin. Da suka ga ba za ta ɗauki nauyin injin ba, sai suka yi ta zuƙo ruwa suna kwararawa a kai yana daskarewa, har kaurinta ya kai wajen mita 2. Suka haƙa laka mai tsawon mita 318 kafin su taɓo dutsen.

BABA: Mutum ya je inda sanyi ke kisa, ya duba ya ce ƙanƙara ba ta ishe shi ba, a ƙaro. Kai, boko!

FARFESA: Yanayin da ya wuce muke nema, Baba. Ma'aunin zafi bai daɗe a duniya ba, a ƙuryar arewa kuwa jiya-jiya ya isa. In kana son sanin zafi da sanyin da aka yi kafin nan, dole ka nemi shaidu.

BABA: Laka ce shaidar? Ta rantse?

FARFESA: Shaidun na cikinta. Na farko ƙurar fure. Kowane irin itace da siffar ƙurarsa, kuma ba ta ruɓewa da wuri. In ka sa yankin laka a madubin ƙara girma ka ga ƙurar manyan itatuwan daji a wurin da yau ba ya fitar da komai sai gansakuka da gajerun ciyayi, ka san an taɓa yin ɗumi. Na biyu kawunan wasu ƙwari, 'yan'uwan sauro, amma ba sa cizo.

BABA: Sauron da ba ya cizo ai ya yi asarar zuwa duniya.

FARFESA: Tsutsarsa a ƙasan tafki take zama. Ƙoƙon kanta tauri gare shi, in ta yi saɓa ko ta mutu sai ya saura cikin laka. Wani iri sai ruwa mai tsananin sanyi, wani kuma ya fi son mai ɗumi-ɗumi. Sai mu tsince su ɗaya bayan ɗaya, mu ƙirga, mu ga wa ya fi yawa a kowane hawa.

BABA: Tsaya. Duk digirin nan naka, aikinka ƙirga kawunan matattun sauro?

FARFESA: Ina da ɗalibai.

BABA: Allah sarki, 'ya'yan mutane. To na yarda shaidu sun ce an yi zafi. Yaushe? Sauron ne ya rubuta kwanan wata?

FARFESA: Yawwa, yanzu ka yi tambaya. A wasu tafkunan ƙirgawa kawai ake. Da bazara ƙanƙara ta narke, ruwa ya kawo yashi, layi mai haske ya kwanta. Da hunturu tafki ya rufe, laka mai laushi ta sauka a hankali, layi mai duhu. Fari da baƙi, shekara guda. Inda babu layi sai a auna kabon 14, wani sinadari da ke cikin duk abu mai rai, a ɗan ganye ko tsinke, domin rabinsa na ɓacewa duk shekara 5,730. Amma shi ƙarfinsa na ƙarewa wajen shekara 50,000. Daga nan sai maganaɗisu. Ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin laka suna kwanciya ne suna fuskantar inda allurar kamfas ke nunawa a zamaninsu. Kimanin shekara 780,000 da suka wuce abin ya juya. Kafin nan, da ka riƙe kamfas, kudu zai nuna maka.

BABA: Arewa ta koma kudu?

FARFESA: Sau da yawa ma.

BABA: Ba wanda aka kama?

FARFESA: Baba!

BABA: To, to. Bayan duk wahalar, me lakar ta ce?

FARFESA: Ta ce a farkon tafkin daji ne ya kewaye shi, bazarar wurin ta fi ta yau zafi da kusan digiri 8. Iskar kabon da ke sararin sama a lokacin kuwa wajen kashi 400 ce cikin miliyan. Mu yau mun haura 420.

BABA: (ya ajiye bokiti) Wannan kam ba ta ba ni dariya ba.

FARFESA: Ni ma. Bari in ba ka mai dariya. Can kudu, a tsibirin Ardley kusa da Antatika, kashin tsuntsun fengwin aka auna a lakar wani tafki. Inda kashi ya yi yawa, tsuntsaye sun yi yawa. Aka gano kusan shekara 7,000 suna wurin, kuma sau uku dutsen tsibirin Deception yana aman wuta, toka ta binne su, kashi ya kusa ɗaukewa ɗif sai bayan ɗaruruwan shekaru.

BABA: Kashi ma tarihi ne? Ashe shekara talatin ina zubar da ɗakin karatu ban sani ba.

FARFESA: (ya ƙura wa bututun ido) Baba, me ya sa bakin wannan ya yi ƙyalli?

BABA: Kafin ka shigo na ɗan fara. Kaɗan ne, bai fi faɗin babban yatsa ba.

FARFESA: Faɗin yatsa! A lakar tafkin nan santimita ɗaya ta fi shekara 100!

BABA: (ya leƙa cikin bokiti) To ai ga su nan, shekara 200 ɗin, ba inda suka je. A tace.

(Ɗalibi ya shigo yana haki, takardu a hannu.)

ƊALIBI: Farfesa! Albishirinka! Bututu na bakwai ya rushe duk abin da aka sani. Kwana tara ina ƙirga. Sanyi ne a ƙasa, daji a sama, komai ya saɓa wa sauran bututan. Sunanmu zai zaga duniya!

FARFESA: Kai! Ka tabbata?

BABA: Na bakwai? Mai takarda da jan kibiya?

FARFESA: (a hankali) Kibiyar ce ke nuna mana ina ne sama. Me ya same ta?

BABA: Wancan makon na ga ta yi datti, na ɓamɓare na goge. Da zan mayar, wancan bakin ya fi santsi, sai na manna ta can.

(Ɗalibi ya zauna a ƙasa. Takardu sun watse.)

BABA: Me ya yi zafi? Ai Farfesa da bakinsa ya ce arewa takan koma kudu.